Wata bakwai a ƙarƙashin tamfol: Yadda na tayar da tsohon babur

Ran da na turo babur ɗin ƙofar gidanmu, ƙannena ne suka fara fitowa kallo. Autarmu ta zagaya shi sau biyu, ta lakato ƙurar da ke kan kujerar da ɗan yatsa, sannan ta dube ni ta ce, "Yaya, wannan saye ka yi ko tsintuwa?" Kowa ya fashe da dariya, har da Umma da ke leƙowa daga soro. Ni ma na yi yaƙe, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin rabin kuɗin babur ɗin ne kawai nawa, na tara daga koyar da yara darasin yamma. Ɗaya rabin kwasar adashin Umma ce, wadda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da ita. Baba kuwa tun farko kalma huɗu ya faɗa: "Araha ba ta ado."

Abin da ya kai ni ga wannan kasada kuɗin mota ne. Daga unguwarmu zuwa jami'a sai na hau adaidaita sahu biyu, haka ma a dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura dubu, kuɗin abin hawa ya bi ta. Na yi lissafi na ga ƙaramin babur zai fi mini sauƙi, in dai zai tashi.

Mai babur ɗin maƙwabcinmu ne, tsohon malamin firamare. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa, ya jingine shi a soronsa a watan Agusta ana tsakiyar damina, ya lulluɓe shi da tamfol. Ƙarshen damina ya wuce a kansa, kaka ta wuce, hunturu ya zo da ƙurarsa ya tafi. A watan Maris na saya. Malam ya ce mini, "Lafiyarsa ƙalau na ajiye shi, ɗana." Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne zama ma yana cin inji.

Washegari da sassafe na zuba fetur lita ɗaya a kan wanda ke cikin tankin, na murɗa makulli, na hau buga kik. Na buga ya fi sau arba'in. Na murɗa totur, na ja cok, na mayar, na sake ja. Gumi ya jiƙa mini riga, ƙarshe ƙafata ta zame ƙarfen ya sami ƙwaurina. Babur ko tari bai yi ba. Da rana tsaka na tura shi zuwa garejin wani abokin Kawuna da ke bakin titi, wanda duk yaran wurin ke kira Oga.

Oga ya saurari labarina yana goge hannu da tsumma. Da na kai wurin kik arba'in sai ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗan boko, wanda ya yi wata bakwai a kwance, ka taɓa ganin an tashe shi an ce ya yi tsere? Aiki ya yi mini yawa yau. Ga sifana, ga tire. Kai za ka kwance, ni in faɗa maka abin da za ka taɓa."

Kwana uku na yi a garejin nan.

Abu uku inji ke nema

Darasin farko a tsaye aka ba ni shi. Oga ya ce duk injin fetur abu uku yake bukata kafin ya tashi: mai da ya gauraya da iska, wuta, da matsi. In babur ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya ɓace, aikin bakanike shi ne ya gano wanne.

Ni ɗalibin Tarihi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, a sakandare kujerar baya nake zama a darasin Fiziks. Sai ga darasin ya biyo ni har gareji. A cikin injin akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda. Ya sauka ya shaƙo mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙin ta salansa. Bugu huɗu ke nan. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera injin da ke aiki da wannan tsari a 1876, kuma shi ne dai a cikin yawancin baburan da kuke gani a titi yau.

Kafin mu nemi ko ɗaya daga cikin ukun, Oga ya sa na zaro sandar awon baƙin mai. Man ya yi baƙi ƙirin, ya kuma ragu. Ya ce in da na gan shi fari-fari kamar shayi mai madara, to ruwa ya shiga, magana ta canza. Muka tsiyaye shi, muka zuba sabo mai lamba 20W-50, kusan lita ɗaya. Daga nan ya sa na cire fulogi, na ɗiga baƙin mai kamar cikin ƙaramin cokali ta ramin, na taka kik a hankali sau da yawa. Dalili shi ne duk man da ke jikin bangon silinda ya riga ya tsiyaye ƙasa a watannin nan, don haka kik arba'in ɗin da na yi, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a bushe. Ya ce in toshe ramin da babban yatsa in sake takawa. Iska ta ture yatsan da ƙarfi, "fus!" Oga ya ce, "Matsi yana nan. Kuɗin Hajiya bai faɗa rijiya ba tukuna."

Fetur ma yana lalacewa

Wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki. Ni a zatona fetur fetur ne, ko shekara nawa ya yi. Oga ya buɗe murfin tanki ya ce in sansana. Wari ne kamar na tsohon fenti. Da muka tsiyaye shi a gora sai ga shi ja-ja kamar shayin da ya kwana, da wani ruwa-ruwa da gari-garin tsatsa kwance a ƙasa.

Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu masu saurin tashi su bi iska, wasu masu nauyi. Masu saurin tashin su ne ke fara kama wuta idan inji ya yi sanyi, kuma su ne ke fara gudu idan an ajiye mai. Abin da ya rage sai ya yi ta haɗuwa da iska har ya zama wani ƙaro mai danƙo. Ruwan kuma daga ina? Malam ya bar tankin rabi a lokacin damina. Iska mai laima ta cika sauran wurin, dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfen, kamar yadda kuke gani a bayan gorar ruwan sanyi. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya gangara ƙasa ya zauna, tsatsa ta samu wurin yin gida. Sabuwar litar da na zuba da safe asara ce kawai.

Muka cire tankin, muka zuba 'yan notina da ɗan fetur a ciki, na yi ta girgizawa har hannuna ya sage, muka ɗauraye sau uku. Da tocilan ake leƙa cikin tanki. Ko da wasa kada wani ya kunna ashana ko laita a bakinsa, domin tankin da ya kusa ƙarewa cike yake da tururin mai, kuma tururin ne ke fashewa.

Sai kafireta, wadda ta cinye mini yini guda. Ita ce ke gauraya mai da iska, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan da nauyi aka auna. Tana da maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Idan iska ta zo wucewa ta wurin sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta zuƙo mai daga wani ɗan kwano da ke ƙasa, kamar yadda famfon feshin maganin sauro irin na da ke yi. A cikin kwanon akwai wata 'yar roba mai yawo a kan mai, aikinta irin na ƙwallon tankin ruwa ne: in kwano ya cika ta rufe hanya, in ya ragu ta buɗe. Man kuma yana hawa ne ta wasu ƙananan ƙusoshin tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda bakanikai ke kira jet. Babba na gudu ne, ƙarami na silo, wato lokacin da babur ke aiki a tsaye. Hudar ƙaramin ba ta kai kaurin allurar ɗinki ba.

Da na buɗe kwanon, ƙasansa ya yi kore-kore, ya daskare kamar busasshen zuma. Na ɗaga ƙaramin jet na duba ta rana, ko ɗigon haske babu. Nan take na zaro allurar da ke maƙale a hulata. Oga ya daka mini tsawa daga ƙarƙashin wata mota: "Ajiye! In ka faɗaɗa ramin nan, babur ɗinka ya zama mashayi har abada." Allura ƙarfe ce, ta fi tagulla tauri. Muka jiƙa jet ɗin a maganin wanke kafireta na gwangwani, muka zura siririn gashin wayar lantarki guda ɗaya a hankali, muka hura da iska, har haske ya ɓullo.

Dabaru biyu na koya a nan, ɗaya da daɗi ɗaya da wuya. Ta daɗin, kafin ka kwance kowane abu ka ɗauki hotonsa da waya, kuma kafin ka cire sukurun daidaita iska ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagayen, don ka mayar da shi yadda yake. Ta wuyar kuwa, na kwance wani ɗan sifirin a kan cinyata maimakon cikin tire, ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi. Ni da yaran Oga biyu muka yi rabin awa a durƙushe muna tankaɗe ƙasa da hannu. Wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, mai zuwa koyon aiki bayan an tashi daga makaranta, shi ya kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika ya ja a ƙasa, sai ga sifirin ya maƙale. Na saya masa awara.

Baƙin da suka tare a ciki

Akwatin iska kuwa gidan haya muka tarar. Ɓera ya cinye gefen soson da ke tace iska, ya tara ɓawon gyaɗa da yagaggun takardu, sauran soson kuma ƙurar hunturu ta toshe shi. Lafiyayyen soso ana wanke shi da kananzir, a matse ba tare da an murɗe ba, a shanya, a ɗan shafa masa baƙin mai don ya riƙa kama ƙura. Namu ya wuce nan, sabo muka saya. A ƙasarmu mai ƙura, babur marar wannan soso yashi yake shaƙa, yashin kuma ya yi ta cin silinda.

Fulogi ya yi baƙi da kunkunniya. Muka sa sabo, Oga ya duba tazarar bakinsa, wadda a irin waɗannan ƙananan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7. Ya sa shi a hularsa ta roba, ya jingina gindinsa da jikin inji nesa da inda mai yake, ya ce in taka. Babu tartsatsi. Na sake takawa, shiru. Muka bi waya ɗaya bayan ɗaya har ƙarƙashin kujera, sai ga inda mai gidan hayar nan ya gwaguye wayar da ke zuwa koyil. Aka haɗa, aka naɗe. Na taka, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle, "ƙyas, ƙyas". Wutar nan dubban bolt ce, shi ya sa ba a riƙe fulogi da hannu tsirara.

Batir ya mutu murus. Batirin babur mai bolt 12 idan ya cika yana nuna kusan 12.6 a mita, namu ko rabin haka bai kai ba. Batir yana zubar da cajinsa ko ba a amfani da shi, zafi kuma yana ƙara masa sauri, in ya daɗe a haka farantan dalmar da ke ciki su yi ɓawon da caji ba ya sake shiga. Sa'ar da na yi, irin babur ɗina yana samar da wutar fulogi da kansa daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen inji, don haka kik ya isa ya tashe shi. Ba kowane babur ne haka ba. Na ɗage sayen batir zuwa ƙarshen wata.

Yammacin rana ta biyu muka mayar da komai. Sabon mai, famfon mai a buɗe, cok a ja. Cok iska yake ragewa don mai ya fi yawa a haɗin, shi ya sa ake nemansa da sanyin safiyar hunturu. Na yi bisimilla na taka. A bugu na uku inji ya kama, ya yi wata shaƙaƙƙiyar ƙara, ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Sau biyar ana haka. Zuciyata ta tafi wurin keken ɗinkin Umma.

Oga bai ce komai ba. Ya zagaya baya, ya kara tafin hannunsa a bakin salansa, ya ce in taka. Sai ya yi murmushi, ya ɗauko wata doguwar waya ya zura. Busasshen laka ya fara zubowa, da matattun tsutsotsi. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Injin da ba ya iya fitar da hayaƙi ba zai iya shaƙar sabuwar iska ba.

Bugu ɗaya na yi bayan nan. Babur ya ɗauka, farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe garejin, man cokalin nan ne ke ƙonewa, bayan 'yan mintuna ya washe. Yaran Oga suka sa ihu. Ban san lokacin da na rungume tankin ba.

Waɗannan ƙananan injina suna da taurin rai. Irin wanda muke kira roba-roba ma, tsarin injinsa ya samo asali ne daga Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. An yi su ne don talaka ya iya gyarawa da sifana da sukundireba.

Na ɗaga ƙafa zan hau, Oga ya zare makullin ya jefa a aljihu. Ya ce, "Ka koyi tayarwa. Gobe ka zo ka koyi tsayarwa."

Rana ta uku

Wayar birkin gaba ta yi tsatsa a cikin rigarta, in ka matse hannun ba ya komawa. Muka ɗiga mata mai har ta saki. Muka buɗe birkin baya muka share ƙura, muka duba kaurin takalmansa. Sarƙa ta bushe, wasu gaɓoɓinta sun ƙage, na wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, aka shafa mai, aka daidaita ta yadda za ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Farantan kuloci sun manne da juna saboda zama, sai da muka sa giya inji a kashe, na matse kuloci muna tura babur gaba da baya, kafin suka rabu.

Tayar gaba ce ta karya mini lissafi. Ta yi watanni a sace, nauyin babur a kan wuri ɗaya, gefenta duk ya tsattsage. Oga ya nuna mini wasu lambobi huɗu a jikinta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ku duba tayar babur ko motar gidanku, galibi za ku gani. Na roƙe shi a lallaɓa ta zuwa wata mai zuwa. Ya ce, "Tayar baya in ta fashe ka yi tangal-tangal. Ta gaba in ta fashe, haƙoranka ne birki." Dole na koma wurin Umma da 'yar murya. Ta dube ni ta ce, "Na ji ƙararsa jiya daga bakin titi, ko ba shi ba ne?" Ta kwance bakin zaninta.

Ƙannena 'yan sakandare, na san da yawanku akwai irin wannan babur a jingine a gidajenku, na Baba ko na Yaya da ya tafi bautar ƙasa. Hannunku zai yi ƙaiƙayi. Ku nemi izini tukuna, kuma ku yi aikin tare da babba wanda ya sani. Kada a tayar da inji a cikin soro ko ɗaki a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar nan mai guba marar launi marar wari, irin ta janareta da muke jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Gyara kuma daban, hawa titi daban: lasisin tuƙi a Najeriya sai mai shekara 18, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Na san ana yi wa mai sa ta dariya a wasu unguwanni, ni ma an yi mini. Ina sa abata.

In kuma ajiyewa za a yi, aikin minti talatin ne zai hana duk wahalar da na sha. A cika tanki don kada laima ta sami wuri, a rufe famfon mai a bar inji ya yi ta aiki har ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa. A cire batir a ajiye a inuwa, a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci. A ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, a cika tayoyi da iska, a toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro. A ƙasashe masu dusar ƙanƙara irin su Kanada, masu babura kan yi haka duk shekara kafin sanyi ya shigo, su fito da su idan gari ya yi ɗumi. Mu da ba sanyi ke sa mu ajiyewa ba, sai ciwo ko tafiya ko tsadar mai, kullum gani muke gobe za a hau, har wata bakwai ya wuce.

Yanzu makonni shida ke nan ina zuwa makaranta a kansa. Na sake canza baƙin mai bayan makon farko kamar yadda Oga ya ce, don ya wanko dattin da ya rage. Kowane ƙarshen wata ina kai wa Umma abin da na rage daga kuɗin mota, tana rubutawa a bayan kalanda, mun kusa rabi. Baba bai janye maganarsa ta araha ba, amma ranar Asabar ya aike ni kasuwa da shi sau biyu.

Malam kuwa, ran Juma'ar farko yana zaune a kan dakali na zo wucewa. Ya ɗaga mini sanda na tsaya. Ya kasa kunne yana sauraron silo na ɗan lokaci, ya ce, "Muryarsa ce." Sannan ya tattare babbar rigarsa ya ce in sauke shi a masallaci, kuma in bi a hankali wajen kwanar mai shayi, don hon ɗin tun yana hannunsa ba ya yi. Har yau ban gyara hon ɗin ba, sai na gama biyan Umma.